Zaɓi da Zaɓe: Kalmar Ingilishi "Choose" da Danginta a Fassarar Hausa

1.0 Gabatarwa

Akwai wasu kalmomin Ingilishi waɗanda ba su tayar wa mai fassara hankali, saboda yana ganin tun yana makarantar firamare ya gama da su. Kalmar *choose* tana daga cikinsu. Da zarar ya ci karo da ita sai ya rubuta *zaɓa* ya yi gaba, haka kuma zai yi wa *select* da *elect*. Ƙamusoshinmu ma ba su hana shi ba, domin daga na Skinner (1965) har zuwa na Roxana Ma Newman (1990), duk wanda ya buɗe waɗannan kalmomi zai tarar da saiwar *zaɓ-* tana jiransa.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne wani aikin aji da na ba ɗalibai a darasin fassara a nan Maiduguri. Ajin gauraye ne: akwai Barebari, da Babur, da Margi, da kuma 'yan asalin Hausa. Daga cikin jumlolin da na bayar akwai waɗannan:

(1) a. The party chose him.
b. It was a selection, not an election.
c. She had no choice.

Ta farko ba ta ba kowa wuya ba. Ta uku kusan kowa ya rubuta "ba ta da zaɓi". Amma a ta biyu ne aka yi cirko-cirko, har wani ɗalibi mai gaskiya ya rubuta "zaɓe ne, ba zaɓe ba", ya kuma ja layi a ƙarƙashi, alamar shi ma ya san da sauran magana. A wannan gaɓa aikin waɗanda suka tashi da Hausa bai fi na sauran ba. Ke nan matsalar ba ta ƙarancin Hausa ba ce.

Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna cewa inda Ingilishi ya tara kalmomi daga saiwoyi dabam-dabam ya raba musu aiki, Hausa saiwa ɗaya ta riƙe, ta raba aikin ta hanyar wasalin ƙarshe da karin sauti. Inda kuma saiwar ba ta kai ba, Hausa tana da wasu hanyoyin nata waɗanda masu fassara suka fara mantawa da su.

2.0 Asalin Kalmomin Ingilishi

A Tsohon Ingilishi, wato wanda ake yi kafin Normandawa su ci Ingila da yaƙi a 1066, siffar kalmar ita ce *ceosan*. Kalmar gado ce daga iyalin harsunan Jamus, kuma tana da 'yar'uwa a harshen Gotik, *kiusan*. Masana tarihin harsunan Indiya da Turai sun mayar da ita ga wata tsohuwar saiwa mai ma'anar ɗanɗanawa, wadda ita ce kuma ta haifi *gustus* ta Latin, wato ɗanɗano. Asalin hoton da ke cikin kalmar ke nan: mutum ya ɗanɗana, ya gwada, sannan ya ɗauka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai zuma ko mai man shanu a kasuwa ya san wannan hoto.

Sunan da ke tafiya da ita, *choice*, ta wata hanya ya biyo. Faransanci ne ya ari aikatau ɗin daga harsunan Jamus ya mayar da shi *choisir*, sannan wajen shekarar 1300 Ingilishi ya aro sunan daga Faransanci, ya ture nasa na gado, *cyre*. Wato kalma ce da ta yi ƙaura ta komo gida da baƙuwar riga. Abokan aikinmu na Jamhuriyar Nijar, masu fassara daga Faransanci, da *choisir* da *choix* suke fama, saboda haka abin da za a faɗa a nan ya shafe su.

Su kuwa *elect* da *select* daga Latin suke, daga aikatau *legere* mai nufin tsinta ko tattarawa. Ɗafa-goshin ta farko yana nufin fitarwa, na ta biyu kuma warewa gefe. *Elect* ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15, *select* a ƙarni na 16. *Option* ita ma Latin ce, daga *optare*, wato so ko buri. Da tafiya ta yi tafiya sai Ingilishi ya bar wa *elect* aikin ƙuri'a, ya ba *select* aikin tacewa bisa wani ma'auni, galibi daga hannun mai iko, ya bar *choose* ta zama gama-gari. A kan wannan rabo ne jumla ta (1b) ta tsaya, da kuma kamannin sautin kalmomin biyu.

3.0 Saiwar *zaɓ-* a Hausa

Alamu suna nuna *zaɓ-* kalmar gida ce. Baƙin /ɓ/ ba ya cikin sautukan da kalmomin aro daga Larabci suka saba zuwa da su, kuma saiwar ta bazu cikin tsarin aikatau yadda tsofaffin kalmomi kan yi. Bisa rabon Parsons (1960), aikatau ɗin ɗan aji na biyu ne, mai sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo shi:

(2) a. Wannan ce rigar da Binta ta zaɓa.
b. Binta ta zaɓi riga.
c. Binta ta zaɓe ta.

Yana kuma shiga wasu azuzuwan:

(3) a. Ta zaɓa wa ƙanwarta riga.
b. Sun zaɓe masu kyaun, sun bar mana ragowa.
c. Je ka zaɓo mana rago.
d. Kayan nan ba su zaɓuwa, duk iri ɗaya ne.

A lura da (3b), aji na huɗu, mai karin sauti sama-ƙasa. Ma'anarsa ita ce a tsince na kirki kakaf. Wannan ita ce siffar da ta fi kusa da ainihin *select* ta Latin, amma da wuya a ga mai fassara ya yi amfani da ita, watakila domin a rubuce ba ta da bambanci da (2c). Hasali ma rubutacciyar kalmar *zaɓe* abu uku take ɗauke da su: aikatau na (2c), aikatau na (3b), da kuma suna. Haka *zaɓi*: aikatau ne mai gajeren wasali a (2b) da cikin umurni, kamar sunan sanannen shirin gaishe-gaishen rediyo, *Zaɓi Sonka*, kuma suna ne mai dogon wasali a "zaɓin raina".

Bari in ɗan ratse. A Hausar kasuwa ta Maiduguri, inda da yawan masu magana Barbarci ne harshensu na farko, kuma Barbarci ba shi da haɗiyau /ɓ/, sau da yawa *zabi* ake ji. To, *zabi* jam'in *zabo* ne, kuma karin sautinsu ɗaya da sunan *zaɓi*. Ƙugiyar nan kaɗai ta raba su. A baki ba a rikicewa, domin muhallin magana yana warwarewa. Abin da ya fi damuna shi ne rubutu. Da can muna ɗora laifin a kan keken rubutu marar ƙugiya, muna bi da alƙalami muna lanƙwasawa. Yau kwamfuta da wayar hannu suna da haruffan, amma har yanzu ana buga takardun wayar da kai waɗanda ke shaida wa jama'a cewa suna da 'yancin *zabi*.

3.1 Tsakanin *zaɓe* da *zaɓi*

Sunayen nan biyu ba ɗaya ba ne, ko da yake masu magana sukan musanya su. A asali *zaɓe* shi ne sunan aikin, wato yin zaɓar. Shi ya sa mai lemo ko mai tumatir a Kasuwar Litinin zai ce "ban da zaɓe", ma'ana kada mai saye ya tsaya tsintar manya. Shi ne kuma a cikin "zaɓen tumun dare", wanda ake faɗa wa mutumin da ya ɗauki abu cikin duhu ya wayi gari da na banza. *Zaɓi* kuwa shi ne abin da aka zaɓa, ko damar da mutum yake da ita ta ya ɗauki wannan ya bar wancan:

(4) a. Ita ce zaɓin iyayensa.
b. An ba shi zaɓi.
c. Na bar wa Allah zaɓi.

Idan aka sa *zaɓe* a gurbin *zaɓi* cikin (4b) da (4c), kunnen Bahaushe zai ƙi karɓa, ko kuma ma'ana ta koma wani wuri: "an ba shi zaɓe" a yau tana iya nufin an ce shi ya ci ƙuri'a, da ɗan ƙamshin zargi a ciki.

Ya kamata a tuna cewa *zaɓi* ya daɗe da zama keɓaɓɓiyar kalma kafin zuwan Ingilishi. Malaman zaure, wajen fassara littattafan fiƙihun Malikiyya da baki, da shi suke mayar da kalmomin Larabci na saiwar *kh-y-r*. Lokacin salla na *mukhtari* shi ne lokacin zaɓi, kishiyar na lalura. Kaffarar rantsuwa kuma "a kan zaɓi" take tsakanin ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta wuya. Sai wanda bai sami iko ba ne zai yi azumin kwana uku. Daga wannan saiwa ta Larabci Hausa ta sami *alheri* da *istihara* da sunan *Muhtari*, amma ba ta ari aikatau ɗin ba, domin tana da nata. Wannan ma'ana ta fiƙihu, wato hanyoyi da yawa waɗanda duk an halatta, ita ce daidai da *option*. Mai fassarar da ya sa *zaɓi* a nan yana kan tsohuwar turba.

4.0 Yadda Siyasa ta Mallake *zaɓe*

Ba Turawa ne suka kawo wa *zaɓe* ma'anar mulki ba. Masarautu suna da *masu zaɓen sarki*. A Kano su ne Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. To amma wannan zaɓe na mutane ƙalilan ne, a cikin ɗaki, bisa shawara, kuma *naɗi* ne yake cika shi. Da Ingilishi za a faɗe shi, ya fi kusa da *selection*. Cewa zaɓe da naɗi abubuwa biyu ne ya fito fili a Sakkwato a watan Nuwamba na 1988, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, lokacin da aka fara jin sunan Muhammadu Macciɗo, daga baya gwamnati ta tabbatar da Ibrahim Dasuƙi.

Sabuwar ma'anar ta shigo ne da tsarin mulkin Macpherson na 1951, inda aka yi zaɓe hawa-hawa a Jihar Arewa, daga ƙauye zuwa sama har a fitar da wakilan da za su Kaduna. Jam'iyyu sun riga sun fara tsayuwa: NEPU a Kano a 1950, NPC, sannan a nan Borno aka kafa Borno Youth Movement a 1954. A zaɓen tarayya na Disamba 1959 kowane namiji baligi a Arewa ya sami damar jefa takarda cikin akwati mai alamar jam'iyya, fartanya ko tauraro ko wata. Matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Cikin waɗannan shekaru jarida da rediyo suka ɗauki tsohuwar kalmar fada suka shimfiɗa ta a kan talakawa. Daga nan ta yi 'ya'ya: *mazaɓa*, *babban zaɓe*, *zaɓen cike gurbi*, *zaɓen fid da gwani*, *maguɗin zaɓe*. Yau idan aka ce "zaɓe ya matso" ba wanda zai tambaya zaɓen me. A ganina wannan ne ya sa *zaɓi* ya fara ɗaukar aikin da *zaɓe* ya bari, har ake cewa "ya yi zaɓi mai kyau" ga wanda ya sayi mota ko ya yi aure.

Kalmar da ta fi ba ni sha'awa a wannan fage ita ce *ƙuri'a*. Daga Larabci take, *ƙur'a*, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da ake yi idan an rasa yadda za a zaɓa, ko ana gudun a zaɓa: magada su fitar da wanda zai ɗauki wane kaso bayan an daidaita rabo, ko 'yan adashi su fitar da wadda za ta fara kwasa. Mai jefa ƙuri'a a wannan ma'ana ya janye son ransa ne, ya bar wa rabo. Sai ga shi kalmar da ke nufin sallama zaɓi ita ce ta zama sunan takardar da ɗan ƙasa yake bayyana zaɓinsa da ita. Abin da ya haɗa su shi ne aikin hannu, wato jefawa cikin mazubi, da jiran abin da zai fito. Duka ma'anonin biyu suna raye, kuma mai fassara *vote* da *lot* da *draw* yana bukatar ya duba ko mai karatu zai gane wacce ake nufi.

Wani darasin yana cikin abin da ya faru a zamanin mulkin Babangida. Hukumar zaɓe ta Humphrey Nwosu ta fito da tsarin da ta kira *Option A4* don fitar da 'yan takarar shugaban ƙasa tun daga mazaɓa, wanda ya kai ga zaɓen 12 ga Yuni 1993 tsakanin Moshood Abiola, da Babagana Kingibe ɗan Borno a matsayin mataimaki, da Bashir Tofa na Kano. A zukatan jama'a sunan ya haɗe da yin layi a fili bayan ɗan takara ko hotonsa. Hausawa ba su wahalar da kansu da fassara *option* ba. Abin da ido ya gani suka faɗa: *ƙato bayan ƙato*, ko *'yar tinƙe*. Waɗannan sunaye sun rayu, har da su aka yi ta bayanin hanyoyin fid da ɗan takara da Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanada, tare da zaɓen wakilai da kuma *maslaha*.

Daga bakin jama'a kuma amsar (1b) ta fito. Tun da Hausa ba ta da kalmomi biyu masu kama da juna da za ta yi wasa da su, sai ta nemi kishiyar *zaɓe* a wani wuri:

(5) a. Naɗi ne, ba zaɓe ba.
b. Ɗauki-ɗora aka yi, ba zaɓe ba.

(5a) ta dace da rubutun hukuma ko sharhin jarida. (5b) ta fi kaifi, kuma ita ce ke ɗauke da ɗacin da mai jumlar Ingilishin yake nufi. Inda *select* ba ta da ɗaci, kamar kwamitin ɗaukar ma'aikata, *tantance* ko *ware* ko *fitar da* sun fi *zaɓa*, domin "an zaɓi mutum goma" tana iya sa mai sauraro ya ɗauka ƙuri'a aka kaɗa.

Akwai kuma *zaɓaɓɓe*. Sifar tana ɗaukar *elected* da *selected* da *chosen* gaba ɗaya, kuma "zaɓaɓɓen gwamna" ba ta bambanta wanda ke kan kujera da wanda ba a rantsar ba tukuna. Gidajen rediyo sun warware wannan da "mai jiran gado", wanda shi ma daga fada aka ɗauko shi. Fassara ce mai kyau, ko da yake a fada mai jiran gado ba shi da tabbacin ranar hawa.

5.0 Inda *zaɓ-* ba ta da Gurbi

Mu koma ga (1c). "Ba ta da zaɓi" ta zauna a Hausar jarida, kuma ba zan ce kuskure ce ba. Amma tsohuwa a ƙauye ba haka za ta ce ba. Za ta ce "ba yadda za ta yi", ko "dole ce ta sa ta", ko "ba makawa", ko ta ce "dole uwar na ƙi". Bambancin ba na ado ba ne kawai. "Ba ta da zaɓi" tana iya nufin ba ta fifita kowanne ba, duk wanda aka ba ta daidai ne, kamar yadda baƙo zai ce "ni ba ni da zaɓi" idan aka tambaye shi tuwo ko shinkafa. A shari'a ko a takardar neman amincewar majiyyaci, tazarar da ke tsakanin wanda aka tilasta da wanda bai damu ba babba ce. Maiduguri ta cika da irin waɗannan takardu tun da ƙungiyoyin agaji suka yawaita saboda rikicin da ya ɓarke a 2009, kuma galibinsu daga Ingilishi ake fassaro su zuwa Hausa da Barbarci. Idan ana son a ce wa mutum yana da *choice*, "kana da zaɓi" ba ta kai "in ka ga dama ka yarda, in ka ga dama ka ƙi, ba abin da za a hana ka" ba. Ta biyun ta fi tsawo, amma ita ce mai sauraro zai gane cewa ƙin ma halas ne.

Haka nan Hausa tana da ginin jumla na musamman don fifita abu a kan wani, wanda ba ya bukatar aikatau na zaɓe ko kaɗan, wato *da ... gara* ko *gwamma* ko *gwanda*: "da babu gara ba daɗi", "da muguwar rawa gara ƙin tashi". Jumlar Ingilishi mai cewa wani ya *choose* mutuwa a kan miƙa wuya, a Hausa "ya gwammace ya mutu da ya miƙa wuya" ce. Wanda aka sa tsakanin abubuwa biyu marasa daɗi yana "gaba kura baya siyaki". Wanda abubuwa suka yi wa yawa ya kasa tsai da ɗaya yana da *ruwan ido*, kalmar da Ingilishi ba shi da guda ɗaya da ta yi daidai da ita. Wanda ya ɗauka da ka, ba da sani ba, *canka* ya yi, shi ya sa ɗalibai suke kiran jarrabawar nan mai amsoshi huɗu ko biyar *canki-canka*. Malami yana rubuta "zaɓi amsar da ta dace", ɗalibi yana kiran abin da sunan da ya fi gaskiya.

Matsala ta ƙarshe sabuwa ce, kuma a jam'i take. Jaridu suna cewa *zaɓuɓɓuka* ko *zaɓuka* idan suna nufin zaɓe fiye da ɗaya, kamar na gwamnoni da na 'yan majalisa. Masu fassara manhajojin waya da kwamfuta kuma, da suka zo kan *options*, sai suka ɗauki *zaɓuɓɓuka* ɗin nan a matsayin jam'in *zaɓi*. Bambancin da wasalin ƙarshe ya riƙe a tilo ya ɓace ke nan a jam'i. Tun da siffofin biyu duk suna yawo a bakin mutane, shawarata ga masu tsara ƙamus da masu gyaran labarai ita ce a bar wa *zaɓe* jam'in *zaɓuka*, a bar wa *zaɓi* jam'in *zaɓuɓɓuka*. Na gwada wannan rabo a aji, ɗalibai sun karɓe shi ba gardama, sai dai ɗaya daga cikinsu, mutumin Katsina kamata, ya ce shi a gidansu bai taɓa jin an yi wa *zaɓi* jam'i ba, "abubuwan zaɓi" ake cewa.